Yadda Ake Amfani da Kwamfresa a Kiɗan Jita, Daga Fedal Zuwa Situdiyo

Duk wanda ya taɓa naɗar jita ya san wannan damuwar. Ka kaɗa ta ita kaɗai ta yi daɗi a kunne. Ana ɗora ta a kan ganga da fiyano da muryar mawaƙi, sai wasu sautukan su nutse kamar ba a taɓa tsirkiyar ba, wasu kuma su yi tsalle su soki kunne. In ka ƙara mata murya, masu tsallen su addabi kowa. In ka rage, raunanan su ɓace gaba ɗaya. Matsalar ba ta yawan ƙara ba ce, tazarar da ke tsakanin bugu mai ƙarfi da mai rauni ce ta yi faɗi. Domin wannan tazarar aka ƙirƙiri kwamfresa.

Kada sunan ya ruɗe ka. Ba irin kwamfresar firji ko ta masu faci ake nufi ba, kuma ba matse fayil zuwa MP3 domin ya yi sauƙin turawa a WhatsApp ba. Wadda muke magana a kanta na'ura ce, ko manhaja a kwamfuta, da ke rage murya da kanta duk lokacin da sauti ya wuce wata iyaka, ta sake shi idan ya dawo ƙasa. Ka ɗauka wani yaro ne ka zaunar a gaban miksa, hannunsa a kan maɓallin murya, ka ce masa in ya ji ƙara ta yi yawa ya rage, in ta lafa ya mayar. Bambancin kawai, hannun kwamfresa yana motsawa cikin kashi ɗaya bisa dubu na sakan.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan: kwamfresa ragewa take yi, ba ƙarawa ba. Ƙarfin da ake ji bayan an kunna ta daga wani maɓalli daban yake zuwa. Rashin gane wannan shi ya sa mutane da yawa suke murƙushe kiɗansu suna zaton gyara suka yi.

Maɓallan da ma'anarsu

Ana auna ƙarfin sauti da desibel, a taƙaice dB. A cikin kwamfuta sifili shi ne rufi, in sauti ya wuce shi sai ya fashe. Don haka ƙasa ake ƙirgawa: -6 ya fi -12 ƙara, -12 ya fi -20.

Tireshol shi ne iyakar. Duk abin da ke ƙarƙashinsa kwamfresa ba ruwanta da shi. Reshiyo kuma shi ke faɗin yadda za a danne abin da ya haura. Idan ka sa 4:1, duk dB 4 da suka haura iyaka, 1 kacal za a bari ya fita. Misali, iyakarka tana -20, bugun jita ya kai -8. Ya haura da dB 12 ke nan. A kan 4:1 guda 3 ne za su wuce, sautin ya fita a -17, an zaftare dB 9. Da 2:1 ka sa, guda 6 za su wuce, a zaftare 6. Daga 10:1 zuwa sama an shiga aikin limita, wadda ke yi wa sauti abin da mai awo ke yi wa mudu idan ya sa hannu ya shafe tozon hatsi.

Akwai gwiwa, wato yadda dannewar ke shigowa. Mai tauri tana kamawa farat ɗaya da an taɓa iyaka, mai laushi tana fara kamawa a hankali tun kafin a kai. Ga jitar katako mai laushin ta fi. Sai mekof gen, wanda ke ɗaga sautin gaba ɗaya bayan an danne kansa. Shi ne ke fito da raunanan sautuka, domin an sassauke manyan, an kuma ɗaga kowa tare. Sai mita mai nuna yawan dB da ake zaftarewa, wadda yawanci aka rubuta GR a jikinta.

Saura biyu, atak da rilis, kuma a nan ne halin jitarka yake.

Idan ka bugi tsirkiya, sautin kashi biyu ne. Akwai "tas" na farko, inda yatsa ko fik, ɗan robar da ake kaɗa jita da shi, ya saki tsirkiya. Gajere ne ƙwarai, amma shi ya fi ƙarfi, kuma da shi kunne ke gane cewa jita ce, da shi ake jin inda kiɗan ya faɗa a kan ganga. Bayansa akwai jela, wato amon da ke ci gaba yana raguwa har ya mutu. Atak shi ne saurin da kwamfresa ke kai hannu bayan sauti ya haura iyaka. In ka sa shi da sauri sosai, kamar milisakan 1, wato kashi ɗaya bisa dubu na sakan, za ta cafke wannan "tas" ɗin tun bai fito ba. Jitar za ta yi santsi, ta ja da baya, wani lokaci har ta yi kama da fiyano. In ka jinkirta shi zuwa milisakan 20 ko 30, kan bugun zai kuɓuce, jelar ce za a danne. Da ka ɗaga mekof gen, sai ka ji bugun ya ƙara kaifi fiye da yadda yake tun asali. Na'ura ɗaya ce, amma maɓalli ɗaya ya sa ta yi aiki biyu masu kishiyar juna: ko ta dusashe bugu, ko ta wasa shi.

Rilis shi ne saurin sakin hannun. In ya yi gajarta da yawa, murya za ta riƙa hawa da sauka kamar mai haki, a sautuka masu kauri kuma har ta yi ɗan kurɓi. Dalili kuwa, tsirkiyar jita mafi kauri tana karkarwa sau 82 a sakan, kowane zagaye kusan milisakan 12 ke nan. Idan kwamfresa tana kamawa tana saki a ƙasa da wannan, ta daina bin ƙarfin kiɗan, ta koma bin igiyar sautin kanta tana lanƙwasa ta. A jitar bes abin ya fi muni, domin tata tsirkiyar mafi kauri sau 41 take karkarwa, zagayenta milisakan 24. In kuma rilis ya yi tsawo, bugu na biyu zai iso ya tarar ba a saki na farko ba, sai kiɗan duka ya kwanta a danne, babu numfashi.

Atisayen da ke buɗe kunne

Ba sai ka sayi komai ba. In FL Studio kake amfani da ita akwai Fruity Compressor, Cubase tana da tata, Reaper tana da ReaComp, kuma akwai TDR Kotelnikov da ake saukewa kyauta. Duk za su yi.

Da farko naɗi jita tsurarta, babu distoshon mai sa sauti gurnani, babu ribab mai sa amsa-kuwwa, na kamar sakan 20. Ka haɗa bugu mai ƙarfi da mai taushi da gangan, ka sa ya riƙa maimaituwa.

Na biyu, ka wuce gona da iri da saninka. Sa reshiyo a 8:1 ko sama, atak a mafi sauri, rilis wajen milisakan 100, sannan ka sauko da tireshol har mita ta nuna ana zaftare dB 10 zuwa 12. Zai yi muni, kuma haka ake so. Kunnen da bai saba ba ba ya jin dannewar dB 2, sai an kumbura abin sannan yake gane mene ne ke canzawa.

Na uku, ka kama atak kaɗai. Rufe ido ka riƙa jinkirta shi sannu a hankali. Kada ka saurari komai sai farkon bugun. Za ka ji ya taso daga dushewa, ya fara leƙowa, har ya fito sarai. Inda ka ji ya yi maka yadda waƙar ke buƙata, tsaya. Ga jita mai rakiya a bayan murya, yawanci tsakanin milisakan 5 da 15 ake samun wurin. Ga wadda ake so ta yi gaba tana tsinkar sauti ɗaya-ɗaya, 20 zuwa 30.

Na huɗu, rilis. A nan ido zai ɗan taimaka. Kalli mitar, kana so ta dawo kusa da sifili dab da bugu na gaba, ta riƙa rawa tare da kiɗan. Akwai lissafi mai sauƙi da zai ba ka wurin farawa: raba 60,000 da saurin waƙar. Waƙa mai bugu 120 a minti, kowane bugu milisakan 500 ne, rabinsa 250, rubu'insa 125. In jitar tana kaɗa huɗu a kowane bugu, to rilis ɗinka kada ya wuce 125. Kiɗa mai gudu yana son gajeren rilis, mai jan rai yana son dogo. In manhajar tana da rilis mai sarrafa kansa, gwada shi, sau da yawa yana dacewa da jitar katako.

Na biyar, sai ka dawo hayyacinka. Mayar da reshiyo 3:1 ko 4:1, ka ɗaga tireshol har zaftarewar ta tsaya a dB 3 zuwa 5 a wuraren da bugu ya fi ƙarfi, a wurare masu taushi kuma mitar ta kusan kwanciya. In mita ba ta taɓa komawa sifili daga farkon waƙa har ƙarshe, ba daidaita ƙarfi kake yi ba, murya kawai ka rage ta hanya mai wahala.

Mataki na shida shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma a wurina ya fi sauran biyar ɗin muhimmanci. Daidaita mekof gen yadda in ka kunna kwamfresa da in ka kashe ta, ƙarar za ta zama ɗaya a kunnenka. Kunnen ɗan Adam yana da wani hali: in aka ba shi abu ɗaya sau biyu, ɗaya ya ɗara da dB 1 ko 2, zai rantse wanda ya fi ƙara ya fi daɗi, ya fi kauri, ya fi haske. Manhajoji da yawa suna ƙara gen da kansu da zarar an ɗora su, kai kuma ka ce kai, ji yadda ta gyaru. Kashe wannan ƙarin na atomatik, ka daidaita da hannunka, sannan ka kunna ka kashe ido a rufe. An ce gani ya kori ji, amma a wannan sana'ar ji ne ya kori gani. In a ƙara ɗaya ba ka ji ta fi ba, cire ta. Na taɓa shafe yamma guda ina murɗa maɓallai a kan jitar wani yaro mai hannu mai kyau, da na daidaita ƙarar na kwatanta, sai na tarar wadda ban taɓa ba ta fi rai. Haka na bar ta, na ɗan rage wurare uku da hannu kawai.

Na ƙarshe, kada ka yanke hukunci jitar tana ita kaɗai. Saki sauran kayan kiɗan. Dannewar da ta yi yawa a kaɗaice takan zama daidai a cikin taro, wadda kuma ta yi daɗi a kaɗaice takan kasa.

Fedal a ƙarƙashin ƙafa

Fedal ɗin kwamfresa, ɗan akwatin da makaɗi ke takawa da ƙafa tsakanin jita da amfilifaya, ba ya ba ka duk waɗannan maɓallan. MXR Dyna Comp, jan akwatin nan da ya fito a shekarun 1970 kuma makaɗan kantiri na Nashbil a Amurka suka yi masa suna, maɓalli biyu gare shi: ɗaya na yawan dannewa, ɗaya na ƙarar fita. Atak da rilis an riga an ɗaure su a ciki. Boss CS-3, shuɗin da ya fito a 1986 kuma har yau ake samunsa sabo da na hannu, yana da huɗu: lebul, ton, atak da sasten. Sasten ɗin shi ne yawan dannewa. A CS-3 ɗin, in ka juya atak zuwa dama kaifin bugun ke ƙara fitowa. Na zamani kamar Keeley Compressor Plus sun ƙara maɓallin gauraya, wanda ke haɗa sautinka na asali da wanda aka danne. In kana da zaɓi, nemi mai wannan maɓallin, domin yana ba ka doguwar jela ba tare da ka rasa kan bugu ba.

Saita shi haka. Kashe fedal ɗin, ka daidaita amfilifaya yadda kake so. Sa sasten a kusan kashi ɗaya bisa uku na zagayensa, kunna, ka murɗa lebul har ƙarar ta yi daidai da ta lokacin da yake kashe idan ka yi bugu matsakaici. Daga nan ka ƙara sasten kaɗan-kaɗan. Alamar ka wuce wuri ita ce ka ji kowane bugu yana wani "fok" kamar an cire murfin kwalba, ko ka ji shuu na tasowa da zarar ka daina kaɗawa.

Wane irin kiɗa ne ya fi cin moriyarsa? Jita mai tsabta, wadda ba a sa mata distoshon ba. Salon hailaif da na sukus na Kwango, inda ake tsinkar sautuka ƙanana da sauri a saman wuyan jita, yana son kowane sauti ya fito daidai da ɗan'uwansa. Haka salon masu jitar Agadez, inda babban yatsa ke riƙe da tsirkiya mai kauri tana amo, hannun da ke kan wuya kuma yana dannawa yana fizgewa ba tare da an sake bugun tsirkiyar ba. Waɗannan sautukan na dannawa da fizgewa a ɗabi'arsu sun fi waɗanda aka buga rauni, ɗan matsi kaɗan yana ɗago su. Amma kaɗan nake cewa. Daɗin wannan kiɗan yana cikin yadda yake lafawa ya kuma taso, in ka shafe wannan ka cire masa abin da ke sa jama'a tafi.

Wurin sa shi a jerin fedaloli, abin da aka saba shi ne kusa da jita: bayan tuna mai saita tsirkiya, kafin obadiraib (ƙanin distoshon mai sauƙin gurnani) da distoshon, su kuma dile mai maimaita sauti da ribab a ƙarshe. Dalilin a fili yake. In ka sa shi bayan ribab, zai ɗago jelar amsa-kuwwar ta cika ko'ina. In ka sa shi bayan distoshon, zai ɗago hayaniyar distoshon ɗin. Sai dai akwai masu sa shi bayan obadiraib mai sauƙi da gangan, kuma suna da hujja: obadiraib yana amsa ƙarfin hannu, ka buga a hankali ya yi tsabta, ka buga da ƙarfi ya yi gurnani. In kwamfresa ta riga shi, ta daidaita komai kafin ya isa, wannan amsawar ta tafi. Gwada duka biyun, minti biyar ne. Ka kuma sani, in kana daga masu rage murya a jikin jita domin su tsabtace sauti, kwamfresa za ta riƙa ja da kai, kana ragewa tana ɗagowa.

Jitar da aka cika wa distoshon kuwa ba ta buƙatarta. Distoshon kansa matsi ne mai tsanani, yanke kan igiyar sauti yake yi. Dubi hoton sautin a kwamfuta za ka gan shi kamar bulo, babu tudu babu kwari. Ɗora masa kwamfresa ba abin da zai ƙara sai shuu.

A situdiyo

Shawarata ga mai ƙaramin situdiyo: kada ka matse sauti lokacin ɗauka. Abin da aka danne aka naɗa ba ya warwaruwa. A zamanin tef ana matsewa tun a shiga domin tef yana da hayaniyarsa kuma ba ya ɗaukar tazara mai faɗi. Yanzu in ka saita manhajar ɗauka a bit 24, ka bar bugu mafi ƙarfi ya tsaya wajen -12 zuwa -10, kana da fili isasshe, sai ka matse daga baya a natse. In fedal ɗin wani ɓangare ne na sautin makaɗin, da shi ya saba kuma da shi hannunsa ke sakewa, bar masa abinsa, amma ka rage matsin da za ka ƙara a miksin.

Jitar katako tana da tarko guda. Cikinta yana fitar da wani kauri tsakanin haz 100 da 250 (haz shi ne yawan karkarwar sauti a sakan), musamman in makirufo yana kallon ramin kai tsaye. Wannan kaurin shi ke fara haura iyaka, sai kwamfresa ta danne jitar gaba ɗaya saboda tsirkiya ɗaya, ka ji hasken sama yana nutsewa duk sanda aka taɓa ta ƙasa. Maganin yana farawa tun kafin kwamfuta: kawar da makirufo daga ramin, ka nuna shi wajen da wuya ya haɗu da jiki, nisan kamar taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi. Sannan ka sa ikwalaiza, mai rage ko ƙara kauri da hasken sauti, kafin kwamfresa, ka yanke abin da ke ƙasa da haz 80, ka ɗan rage inda kaurin ya taru. Manhajoji da dama suna da matata a ɓangaren da ke sauraron sauti, wadda ke sa kwamfresa ta yi kunnen uwar shegu da ƙananan sautuka ba tare da an cire su daga kiɗan ba. Ɗaga ta zuwa haz 100 ko 120 ka ji yadda numfashin jitar zai daidaita. Wurin farawa ga jitar katako mai shara: 3:1, atak milisakan 15 zuwa 25, rilis 100 zuwa 150, zaftarewa dB 3 zuwa 4.

Za ka ga manhajoji da yawa suna kwaikwayon tsofaffin na'urori, kuma sanin halin biyu daga cikinsu zai rage maka lalube. Kwamfresar da ake kira 1176, wadda Bill Putnam ya ƙera a 1967, mai zafin nama ce. Atak ɗinta daga maikirosakan 20 zuwa 800 yake, wato ko mafi jinkirinsa bai kai milisakan 1 ba. Reshiyonta huɗu ne, 4 da 8 da 12 da 20, ba ta da maɓallin tireshol, da maɓallin shigar sauti ake tura ta cikin matsi. Ga abin da ke kayar da baƙo: maɓallan atak da rilis ɗinta a juye suke, 7 ne mafi sauri, 1 mafi jinkiri. Ga jita, fara da atak a 3, rilis a 5 zuwa 7, reshiyo 4. Ita kuwa LA-2A ta kamfanin Teletronix, ta shekarun 1960, da haske take aiki: sauti na kunna wani allo mai haske a cikinta, wani abu mai jin haske ya rage murya. Atak ɗinta wajen milisakan 10 ne, sakinta kuma hawa biyu, rabi da sauri, ragowar a hankali cikin sakanni. Shi ya sa take da taushi, ta dace da jita mai jan rai da bes. Manyan maɓallanta biyu ne kawai, da wuya ka ɓata abu da ita.

Idan jita tana da tsalle sosai, maimakon kwamfresa ɗaya ta zaftare dB 5 ko 6, raba aikin gida biyu. Mai sauri a gaba, ta tsinke kawunan da suka fi fitina da dB 2 ko 3, mai taushi a baya ta lallaɓa sauran da dB 2 ko 3. Jimillar kusan ɗaya ce, amma kunne ba ya kama su suna aiki. Wata dabarar ita ce ta gefe da gefe: aika kwafin jitar zuwa wani layi, ka murƙushe shi sosai da dB 10 ko fiye, sannan ka ɗago shi a hankali a ƙarƙashin na asalin har ka ji jiki ya cika. Na asalin ya riƙe kaifi, na murƙushen ya kawo kauri. Wannan shi ne abin da maɓallin gauraya ke yi a fedal.

A waƙoƙinmu murya ce sarauniya, kalmomi ake son ji. In jita tana cin karo da mawaƙi, kana iya sa kwamfresa a kan jitar amma ka ce ta saurari layin murya. Duk sanda mawaƙi ya buɗe baki jitar ta sunkuya da dB 1 ko 2, ya yi shiru ta miƙe. Kada ya wuce haka, in ba haka ba za a ji tana leƙe tana ɓuya. Kuma inda matsalar ta wuri ɗaya ce, kamar sauti guda da makaɗi ya doka da ƙarfi a baiti na biyu, je ka wurin ka rage shi da hannu. Ba a danne waƙa ta minti biyar saboda laifin rabin sakan.

Hayaniya da filin biki

Kwamfresa ba ta ƙirƙirar hayaniya mai yawa da kanta, wadda ta tarar take ɗagowa. Ka ƙara mekof gen da dB 6, shuu da gurnanin da ke layin su ma sun ƙaru da dB 6, kuma a inda ka yi shiru ake jin su. Jita mai fikof (abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya) siriri irin na Fender Stratocaster tana jan gurnanin wutar lantarki, wanda a Najeriya da Nijar yake kan haz 50. Ga janareta, ga ginin da ba a yi wa wayar ƙasa ba, ga adafta mai araha. Kafin ka zargi fedal, gwada shi da batir mai bolt 9. In gurnanin ya ragu, adaftar ce. Canza kebul, matsa daga kusa da kwamfuta da cajar waya da fitila, ka juya jikinka a hankali da jitar a rataye har ka sami kusurwar da ta fi shiru. A Stratocaster, matsayi na 2 da na 4 na makunnin fikof sukan kashe gurnanin a yawancin na zamani.

A wajen biki ko dandali ka rage matsi fiye da yadda kake yi a ɗaki. Tunda kwamfresa tana ɗago raunanan sautuka, tana kusantar da kai ga kukan sifika, musamman da jitar katako mai fikof in sifikar da kake jin kanka tana gabanka. Da ka ji ƙugin ya fara tasowa bayan ka saki tsirkiya, sasten za ka fara ragewa kafin ka taɓa miksa.

Akwai kuma abin da na lura da shi a wurin masu koyo. Wanda ya fara da kwamfresa a kunne kullum, hannunsa na dama ba ya koyon bambanta bugu, domin na'urar tana rufa masa asiri. Ka ware lokacin atisaye da jita kai tsaye cikin amfilifaya, babu komai a tsakani. Naɗi kanka kana kaɗa sauti takwas a jere da ƙarfi ɗaya, ka buɗe hoton a kwamfuta ka ga ko tsayinsu ya yi kusa da juna. Sannan ka yi takwas masu hawa daga raɗa zuwa tsawa, ka sauko. Minti goma a rana ya isa. Bayan 'yan makonni ka koma kan atisayen nan na farko da sabon abin da ka naɗa, ka duba nawa mitar take zaftarewa kafin jitar ta zauna a cikin waƙa. In a da sai ta ci dB 6, wataƙila yanzu 3 ta wadatar, sai ka ɗaga tireshol ɗin daidai da haka.